Yadda Za Ka Yi Alƙalancin Dambe Idan Yayan Matarka Ne a Cikin Igiya

Shekara goma sha ɗaya ina alƙalancin damben zamani. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka fita da mutuncinka da aurenka, ko aƙalla ɗaya daga ciki.

1. Karɓi umarni daga gida.

Kana ɗaura ɗan baƙin lakatayen nan a wuya, matarka za ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Yaya ne fa. In ya faɗi, kai ka kayar da shi.” Kada ka fara bayanin cewa mutum biyar ne a gefen igiya ke ba da maki, kai rabiya kawai kake yi. Ka ce to.

2. Kada ka san shi.

Yaya mai walda ne, shekararsa arba'in, tumbinsa ya riga shi shiga fili. Abokin karawarsa ɗan kwana-kwana ne, wuyansa kamar turmi. Idan kana duba safar hannunsu Yaya ya ce, “Ya yaran?” ka ɗaure fuska. Mai hankali ba ya amsa gaisuwa a bakin aiki.

3. Ja lokaci.

Robar bakin Yaya za ta faɗi. Ɗauka ka kai wa kocinsa ya wanke, ka duba, ka ce bai fita ba. Tsabta ai ba a yi mata gaggawa. Ka ja wa ɗan kwana-kwana kunne kan riƙo, ko da Yaya ne ya rungume shi yana haki.

4. Ƙirga.

A turmi na biyu Yaya zai zube. Doka ta ce ka ƙirga takwas ka duba idonsa, in ka kai goma an gama. Tsakanin uku da huɗu akwai fili, shimfiɗa tabarma ka zauna. Daga kujerun baya za ka ji muryar da ka sani: “Tashi, Yaya!”

Kana cewa takwas ka sunkuya. Zai buɗe ido ɗaya, ya ce a hankali, “Don girman Allah ƙarasa goman nan. Yaron nan kashe ni zai yi.”

Tausayi zai kama ka. Tara, goma.

5. Ɗaga hannun mai nasara.

Kafin ka ɗaga, Yaya zai miƙe zumbur yana dukan ƙirji. “Zalunci! Yanzu fa zan tashi! Wa ya taɓa ganin ƙirge da gudu haka?” Mutum uku za su riƙe shi. Kada ka dubi kujerun baya.

A kula: duk abin da ya biyo baya, ba ruwana. Yau kwana goma sha tara ke nan ina cin abinci a bakin titi, kuma ban tona wa Yaya asiri ba. Jiya Yaya ya zo gida ya ce wa ƙanwarsa ya yafe mini. Ya kuma nemi a sake karawa, da sharaɗin ni zan yi alƙalanci.