Wa Ya Ceci Filin Wasan Yaranmu?

Zuwa ga Mai Girma Mai Jarida, Mai Rediyo, Gatan Marasa Gata, kuma tun makon jiya Mai Fili,

"Wannan jarida ba ta da ubangida sai mai karatu." Kai ka faɗa da bakinka, ranka ya daɗe, ranar da ka buɗe ta, kuma har yau maganar tana saman shafin farko, dab da farashi. To, ga uwargijiyarka ta zo.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukiya, tsohuwa da sabuwa. Ni ce shugabar makarantar firamaren da ke bayan tashar mota, wadda ta jagoranci iyaye zuwa ofishinka muna kuka cewa Magajin Gari zai sayar da filin wasan yaranmu. An ba mu kujeru, an ba mu ruwa mai sanyi, editanka har da dafa ƙirji. Ga 'yan ƙorafe-ƙorafena, ba don in ɓata maka rai ba.

Na ɗaya. Mu masu karatu mun daɗe da gano cewa hoto biyu kacal kuke da su na Magajin Gari. A ɗaya yana barci a wurin taro, baki buɗe, hula ta zame. A ɗayan yana murmushi, rungume da jaririn wasu. Mun daina karanta labarin, hoton muke dubawa kamar manomi yana duban hadari. In mai barci ya fito, mun san kana neman wani abu. In jariri ya dawo, mun san ka samu. Jaririn nan yanzu ya isa shiga makarantata, amma a jaridarka har yau rungume yake.

Na biyu. Da muka kai kuka, mako guda cur Magajin Gari yana sharar barci a shafin farko, a ƙarƙashinsa an rubuta "Wa zai ceci filin yara?" Ni da wautata na yanke shafin na liƙa a ofis, na sa yara suka yi maka addu'a a taron safe. Ashe amsar tambayar tana aljihunka. Ranar da jariri ya dawo, ranar aka kewaye filin da kwano, aka kafa allo mai ɗauke da sunan kamfaninka. Ka cece shi kam! Mu muka kai ƙarar kare wurin kura, ta kuwa raba gardama.

Na uku. Wakiliyarka da ta rubuta labarin tsohuwar ɗalibata ce, ni na koya mata riƙe fensir. Ta rubuta ci gaban labarin, har da sunan wanda aka ba filin. Ba a buga ba. Yanzu tana shafin bukukuwa tana bayanin launin kayan amare, edita ya ce ƙarin girma ne. Shi kuwa, bawan Allah, an ce ko waƙafi ba ya sawa sai direbanka ya dawo da shafin farko daga falonka. Shin direban yana cikin kwamitin tace labarai ne, ko shi ne kwamitin?

Na huɗu, kuma wannan kishi ne, ba na ɓoyewa. Mu muka yi layi cikin rana muka zaɓi Magajin Gari, amma kai yake tsoro. Mu sai bayan shekaru muke iya ja masa kunne, kai kuwa kowace safiya. Ina amfanin ƙuri'ata in kyamararka ta fi ta nauyi?

Yau da nake rubuta maka, a bakin titi yarana suke wasa in an tashi hutun tara. Ni da malamai muna tsaye muna tare babura da hannu kamar 'yan sandan hanya, ranmu a hannun Allah. Ban yi karatun malanta don in jira ranar da zan kai wa wata uwa takalmin ɗanta ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina ba ka zuwa Litinin: a cire kwanon nan, a buga labarin yarinyar yadda ta rubuta shi. In ba haka ba, ranar Talata da an buga ƙararrawar tara zan jero makarantar gaba ɗaya, da ƙwallonmu a hannu, zuwa harabar ofishinka, inda na lura akwai fili shimfiɗaɗɗe, ga inuwa, ga motoci masu ƙyalli. Motarka da ta edita za su zame mana turakun raga. Ina gaya maka tun yanzu, 'yan aji shida ba su iya saiti ba, amma ƙafarsu da ƙarfi. Kuma kullum za mu riƙa zuwa, har a ba da hutu.

Taka mai biyayya har ƙasa,
Malama Babba,
Makarantar bayan tasha.