Ranar da Na Auna Basirar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ɗauki takardar gwajin basira zuwa gidan surukai ba. Lokacin ina shekarar ƙarshe a karatun malanta a Kafanchan, an koya mana yadda masana ke auna kaifin ƙwaƙwalwa da tambayoyi da agogo. Kaina ya kumbura. Kowa na gani, sai in ba shi maki a zuciyata.

Aka ce kowa ya gwada mutum goma. Ni da rawar kai, sai na sa baban Rahila a ciki, yarinyar da nake nema. Manomin citta ne a Kwoi, kuma bai riga ya ce ya ba ni ba. Wai ni nan zan burge shi da boko (Rahila ta ce kada in yi, na ce ba ta san ilimi ba).

Na same shi a tsakar gida, mata na tsaga citta za a shanya. Na zaro agogo.

"Baba, mutum ɗaya yana nome gona a kwana shida. Mutum shida fa?"

"Kwana biyu," in ji shi. "Gayya ne ai. Sai an sha kunu, an yi surutu."

Takardata ta ce kwana ɗaya. Na zana masa sifili a gaban idonsa, har da bayanin inda ya kuskure. Yau in na tuna, ji nake kamar in nutse.

Bai yi fushi ba. Ya tura mini wuƙa da kwano cike da citta. "To Ticha, taimaki mamanka kaɗan."

Na zage, ina so a ga saurina. Na yanka cittar nan ƙwaya-ƙwaya kamar albasar miya. Ashe a tsaye ake tsaga ta gida biyu, ta bushe da kyau ta yi daraja a kasuwa. Kafin wani ya lura na gama da kwanon kaf. Maman Rahila ta riƙe baki, ta ce, "Yesu, wannan ko akuya ba zai ci ba." Matan suka kwashe da dariya, Rahila ta shige ɗaki. Na tabbata maganar aure ta watse.

Baba ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya juya ta.

"Tambayanka na ɗazu, ɗana, na canza amsa. In kana cikin mutum shidan, kwana bakwai ne."

Ya ba ni Rahila, amma sai da na yi kaka guda ina tsaga citta a gidansa. A littafinmu akwai babin da ya ce basira iri-iri ce, ni ne dai ban kai wurin ba. Yanzu kafin in auna wani, sai na duba ko akwai wuƙa da kwano kusa da shi.