Watan da na gani a Djougou

Ko da tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da yammacin ashirin da tara ga azumin nan ba. Daga Parakou na je Djougou, nan ƙasar Benin, gaida surukina, Alhaji mai goro, wanda tun da na auri 'yarsa yake mini kallon mai surutun banza. Burina ɗaya: ya yarda cewa maganata magana ce.

Rana ta faɗi, muka fita bayan gari ni da mutanen unguwa duban wata. Ni da ko allura ba na iya zura wa zare (matata shaida ce), sai ga ni na hango wani farin baka siriri a yamma, yana ƙyalli. Ban tsaya sake kallo ba. Na kwasa da gudu, takalmi ɗaya a hannu, sai wurin Alhaji.

"Baba, na ga wata! Wallahi da idona!"

Ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?" Na ƙara rantsuwa. Ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba, ya kai ni gaban liman a masallaci. "Surukina ne," in ji shi, "na tsaya masa."

Ina cikin ba da shaida, har da kwatance da yatsa, sai sauran masu duba suka iso suna salati. Ashe bayan tafiyata watan nawa ya kumbura ya yi faifai, ya fito da jela, ya nufi gabas da sauri.

Liman ya ce a hankali, "Alhaji, a Parakou wata gudu yake yi?"

Aka fashe da dariya. Alhaji ya saki hannuna.

Washegari, muna cikin azumi na talatin, rediyo ta ce roka ce aka harba daga ƙetaren teku. Wai mu a ƙasa rana ta faɗi mana, amma can sama tana nan, ita ce ta haska hayaƙin. Wato hayaƙi na rantse a kansa, a masallaci, da sunan surukina.

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Har yau abin na ci mini rai. Na dai koyi cewa in abu ya burge ka a sama, ka tsaya ka ga inda zai nufa. Sai dai darasin ya zo a makare: yanzu ko a waya na ce masa an yi ruwa a Parakou, sai Alhaji ya ce, "To, ba ni matarka in ji."