Injin da Ke Ƙarƙashin Tamfol

"Lafiya lau, amarya. Ke ce da sassafe? Ko garin naki ya ƙi tashi ne, a zo a tura?"

Tsohon makaniken yana zaune a ƙofar garejinsa. Wadda ta durƙusa tana gaishe shi jikarsa ce mai tsara birane, kuma tun tana rarrafe suke wannan auren na baki.

"Kai da ko miƙewa sai an tura ka, angona? Aron inji na zo. Gobe zan nuna wa kwamiti tsarin sabon gari, ina so su ga inda na kwaikwayo shi."

"Gari a cikin inji! Mutanen fa, fistin za ki mai da su? Na fasa auren."

"Wa zai kwashe ka? Tituna su ne hanyar baƙin mai, kada ya tsaya ko'ina. Masana'antu can baya kamar salansa, hayaƙi ba ya shiga ɗakin kowa. Bishiyoyi da tafki su ne lagireto, su sanyaya gari."

"Ɓarauniya! A cinyata kika ji wannan, kina jan majina."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"To, zaɓi."

Ta nuna wanda ke lungu, lulluɓe da tamfol. Nan take dariya ta bar fuskar tsohon. Injin motarsa ne, wanda ya tafasa ya mutu a cunkoso ranar da ya ɗauko matarsa zuwa asibiti. A kujerar baya ta cika, ana hango ginin asibitin. Tun daga ranar yake tuhumar hannunsa, don shi ya yi wa injin gyaran ƙarshe.

"Ban da wannan. Ni da shi muka kashe kakarki."

"Kaka," ta ce, kuma rabon da ta kira shi haka har ya manta, "wane inji ne zai wuni tsaye a rana bai tafasa ba? Gyaranka lafiya yake, garin ne ya toshe. A nawa, kowace unguwa da asibitinta, da layin gaggawa da ba mai tarewa."

Ya juya ya dubi tamfol ɗin. Kewar matarsa ta taso masa sabuwa, amma wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Ya tashi ya yaye tamfol ɗin da kansa.

"Ɗauki. Ba aro ba ne, sadakinki ke nan."

"Sadaki duk tsatsa?"

"Daidai da angon." Ya yi dariya yana goge ido da tsumman mai. "Ke dai ki gina shi yadda matar wani za ta isa da ranta."