Baƙar Tsakuwa a Ƙarƙashin Ƙafar Kura

Ɗakin shan magani na Dajin Ruƙuƙi ya lalace ne ran da aka fara auna kyawunsa.

Sarki Zaki ne ya kafa dokar. Duk wanda aka yi wa magani ya fito da ƙafafunsa huɗu, zai jefa tsakuwa a ƙwarya: fara in ya ji daɗi, baƙa in an wulaƙanta shi. Fararen suna zube a bakin ƙofa. Baƙaƙen kuwa suna ƙarƙashin ƙafar Kura, wai don kada a sace. Likita Dila bai yi wata guda ba ya gano bakin zaren: mai mura yana fita da ƙafarsa, mai ciwon gaske sai an ɗauko shi. Sai ya daina karɓar masu ciwon gaske.

Sau uku Gada tana kai ɗanta da gudawa ta tsotse, sau uku ana ce mata babu wuri. Ran zaman majalisa ta kwantar da shi a gindin tsamiya, ta kutsa ciki.

Hankaka mai ƙidaya ya miƙe, ya gyara farin ƙirjinsa. "Ranka ya daɗe, fara ɗari tara, baƙa ko ɗaya babu. Tun kafuwar daji ba a ga lafiya irin ta bana ba."

Gada ta zube. "Ranka ya daɗe, ɗana yana waje. Ko ruwa ba ya zama a cikinsa. A leƙa shi kawai."

Dila ya ce, "Baiwar Allah, kin jefa baƙa?"

"Ba a bar mu mun shiga ba, ta ina zan jefa?"

"To kin gani. Majalisa ba ta aiki da hawaye, da ƙwarya take aiki."

Zaki, da yake sarki ne mai adalci, ya yi umarni a buɗe wa yaron ƙofar ɗakin shan magani. Aka buɗe. Kafin a tafasa ruwan magani, yaron ya cika.

Gada ta fito, ba ta ko kalli fararen ba. Ta nufi Kura, ta miƙa ƙafar gaba ta lalubi baƙa guda.

Kura ba ta ɗaga ƙafarta ba. Baki ta sauke, ta datse ƙafar Gada.

Hankaka ya duba doka, ya ce mai ƙafa uku ba ta da ikon jefa tsakuwa. Gada ta ja gawar ɗanta zuwa gida tana ɗingishi, ƙwaryar kuwa fara fat.