Ranar Da Na Gudu Na Bar Takalmana A Zandam

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka sa ni wakilcin ango a Zandam ba. Kalma biyu kacal aka nema daga bakina, "na karɓa." Ni kuwa, ƙato mai shekara talatin da shida, da gemuna da komai, na tashi na bar wurin ko takalmi ban tsaya ɗauka ba.

Tela ne ni a Birnin Kudu. Duk wanda ya taɓa shiga shagona ya san kekena bango yake kallo, ba titi ba. Nakan ce wa mutane saboda hasken rana ne (ƙarya nake yi, rana ba ta taɓa leƙa shagon nan ba). Gaskiyar magana, tun ina yaro idanun mutane suke firgita ni. Mutum ɗaya ko biyu, sai mu yi hira har da dariya. Amma da zarar sun yi yawa, suka juyo gaba ɗaya suna jiran in yi magana, sai ƙirjina ya hau bugu, tafin hannuna ya jiƙe, harshena ya yi nauyi. Nakan zagaye layi uku don kada in wuce ta gaban majalisa. A masallaci kuwa sahun ƙarshe ne nawa, kusa da ƙofa.

Gari ya sa min suna miskili. Wasu su ce girman kai ne: "Tela ne fa, amma ji yake kamar shi ya ɗinka duniyar." Innarmu ta ce kunya ce, zan daina in na yi aure. Na yi auren, har da 'ya'ya uku, ban daina ba. An yi min rubutu na sha, an yi min hayaƙi har na ƙware. Ban taɓa gaya wa kowa cewa tsoro ne ba, ko matata. Namiji ya buɗe baki ya ce tsoron mutane yake ji, ina zai sa kansa?

Ƙanena Nasiru direba ne, yana jigila tsakanin Gwaram da Kano, kuma duk surutun da aka hana ni shi aka ba. Shi ya ga Hauwa, 'yar Alhaji Hamisu na Zandam, suka daidaita. Da yake mahaifinmu ya rasu, ƙaninsa Baba Sale ne ya tsaya a kan komai. Shi ya kai gaisuwa, shi ya je sa rana. Ni ko sau ɗaya ban taka gidan ba, kullum amsata ita ce ɗinki ya yi min yawa. Har dangin yarinya suka fara tambaya, wai ko yayan ango ba ya son abin ne. Ni kuwa ina can gaban bango ina yi wa babbar rigar ango aiki da hannuna, sati biyu cur, a zatona rigar za ta faɗi abin da bakina ya kasa.

Da safiyar ɗaurin aure jinin Baba Sale ya hau, aka kwantar da shi a asibiti. Ya kira ni a waya, muryarsa da ƙyar take fita.

"Kai ne babba. Ka je ka karɓa wa ɗan'uwanka aure."

Na ce, "Baba, ko a sa Kawu?"

Ya ce, "Kawunku dangin uwa ne. Yau kai ne uban Nasiru."

Nasiru ya dafa kafaɗata yana dariya. "Haba Yaya, kalma nawa ce? Liman zai faɗa, ka maimaita." Tun daga Birnin Kudu har muka shiga ƙasar Gwaram ina maimaita "na karɓa" a zuciyata, kamar ɗalibin da zai ba da hadda.

Muka tarar ƙofar gidan Alhaji Hamisu ta cika maƙil. Direbobi abokan Nasiru, manoma, 'yan kasuwar hatsi, har da mutanen Kano. Na tuɓe takalmana a gefen tabarma, aka zaunar da ni a tsakiya, gaban liman, wani dattijo mai sanyin murya da ake kira Malam Ɗahiru. A tsaye a kanmu ga sanƙira, wato mai shelar da ke maimaita duk abin da aka faɗa don na nesa su ji, riƙe da abin magana, an ɗaura lasifika a jikin bishiyar darbejiya.

Farkon abin na tsallake da ƙyar. Kaina a sunkuye, idona a kan saƙar tabarma, liman ya faɗa ina bi a hankali, na nema wa Nasiru auren Hauwa. Aka miƙa sadaki. Alhaji Hamisu, wanda shi da kansa ya tsaya waliyyi, ya ce ya bayar. Saura ni in ce na karɓa, a shafa fatiha, a raba goro.

Sai wani daga can baya ya ɗaga murya: "Ba ma jin wakilin ango! A ba shi abin magana!"

Sanƙira ya sunkuyo ya kafa min shi a baki. A nan na yi kuskuren da bai kamata in yi ba, na ɗaga kai. Idanu ne ko'ina, na zaune da na tsaye, har da waɗanda suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai numfashi, kuma numfashin nan lasifika ta ɗauka ta watsa wa gari. Ina jin hakina yana dawo min daga kan darbejiya.

Liman ya ce, "Malam, ka karɓa?"

Na zuba wa abin maganar ido.

Ya sake tambaya. Gumi ya gangaro min har cikin ido. Kunnuwana suka toshe, na ji kamar ƙasa tana juyawa da ni, na tabbata a raina mutuwa zan yi a wurin. Da ya tambaya karo na uku, sai kawai na ga na miƙe. Na ratsa mutane, na fara da sauri, na ƙare da gudu, babbar riga tana kaɗawa, har na faɗa gonar dawar da ke bayan gidan. Can ciki na durƙusa na yi amai, na zauna a kan kunyar gona.

Ban san tsawon lokacin da na yi ba sai na ji karan dawa suna motsi. Nasiru ne, cikin rigar da na ɗinka masa. Na zaci zagi zai yi, ko ma duka, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya tsuguna a gabana, idonsa ya yi ja.

"Yaya, me ka ji a kan Hauwa?"

Na ce, "Hauwa kuma?"

Ya ce, "Magana ta shiga cikin gida. Mata suna cewa yayan ango ya san wani abu a kan yarinya, shi ya sa ya ƙi karɓa a gaban jama'a. Mahaifiyarta tana can tana kuka. Liman ya ce ko ni zan iya karɓa da bakina, amma Alhaji ya rantse ba zai bayar ba sai an faɗi abin da ya tashe ka. In ka san wani abu, ka gaya min. In kuwa ba ka sani ba, wallahi ka kashe ta da ranta, don ba wanda zai sake neman aurenta a garin nan bai tuna yau ba."

Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Ni kaina nake ta ƙoƙarin ɓoyewa, ashe mutuncin 'yar mutane na ja na rufa da shi. Na ce, "Nasiru, tsoro nake ji."

"Tsoron wa?"

"Kowa. Tun muna yara. In aka taru aka kalle ni, ji nake kamar raina zai fita."

Ya ce, "Shekara nawa muka yi muna kwana ɗaki ɗaya, Yaya?" Ya share fuskarsa da hannun riga ya ce, "Ni na yarda. Amma ba ni ke bukatar ji ba."

Haka na koma, ƙafa ba takalmi, riga duk ƙasa. An fara naɗe tabarmi. Na durƙusa gaban Alhaji Hamisu, wanda ko kallona bai yi ba, na fara magana ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji. Na manta da sanƙira (Allah Ya saka masa, aikinsa yake yi). Ashe ya kawo kunnensa kusa, sai kawai na ji darbejiya ta amsa:

"Jama'a! Ya ce yarinya ba ta da laifin komai! Ya ce lalura ce da shi! Ya ce tsoronku yake ji!"

Wasu suka fashe da dariya. Na ji wani yana cewa, "Ƙato da shi?" Na runtse ido, na roƙi Allah ƙasa ta tsage.

Malam Ɗahiru ya ɗaga hannu, wurin ya yi tsit. Ya ce a kashe abin maganar nan. Ya ce, "Shari'a shaidu biyu adilai ta nema, ba ta ce sai gari duka ya ji ba. Kuma wanda ya dawo da ƙafarsa don ya wanke 'yar wani, ba abin dariya ba ne." Ya kira dattawa biyu suka matso, ya kama kafaɗata ya juya ni na ba taron baya, fuskata tana kallon katangar gidan. Sai na ji kamar ina shagona.

Ya ce, "Alhaji, ka bayar?"

Alhaji Hamisu ya ce, "Na bayar."

"Malam, ka karɓa?"

Na ce, "Na karɓa." Mutum huɗu ne suka ji, kuma auren ya ɗauru.

Bayan biki Nasiru ya matsa sai da ya kai ni asibiti. Likitan ya saurare ni har na gama, ya ce ciwo ne sananne, ba aljanu ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba, yana da magani da horo kamar yadda hawan jinin Baba Sale yake da su. Ba zan ce na warke ba. Amma yanzu nakan wuce ta gaban majalisa in yi sallama, ko da ban tsaya jiran amsa ba. Sunana a gari ma ya canza, daga miskili na koma Wakili Mai Gudu (ban sani ba ko ci gaba ne).

Wata biyu bayan nan wani ya yi sallama a shago, na juyo sai ga Alhaji Hamisu. Ya zauna a kan benci, yana juya carbi. Sannan ya ce, "Akwai ƙanwar Hauwa. In baƙi suka zo sai ta shige ɗaki, in aka fito da ita ta kasa gaisuwa, jikinta na rawa. Na sha dukanta a kan haka, ina cewa raini ne." Ya yi gyaran murya. "Tun ranar nan ban sake ɗaga mata hannu ba. Wane likita aka ce ka gani?"

Bayan ya tafi na kifa kaina a kan keke na yi kuka, na yarinyar da kuma nawa.

Abin da na koya bai da yawa. In kun ga mutum yana zagaye majalisa, ku tambaye shi lafiya kafin ku sa masa suna. In kuma kai ne mai irin tawa, ka gaya wa mutum ɗaya a ɗaki tun da wuri, don abin da na yi shekara talatin ina ɓoyewa, har ga matata, lasifika ce ta ƙare da sanar da shi ga ƙananan hukumomi biyu. Takalmana kuwa har yau ba su dawo ba. Wanda ya ɗauka ya san ya ci banza, don ya tabbata mai su ba zai iya tsayawa cikin jama'a ya yi cigiya ba.