Yadda Za Ka Haɗa Kan Baffanni Uku da Ilimin Maganaɗisu

Kai mai baffanni da yawa, matso kusa. Ni Malam Abdulrauf, malamin kimiyya a Gumel, na yi maka alkawari: bi matakan nan, dattawan gidanku za su haɗa kai. Na gwada a bana, 1978, kuma abin ya ci.

1. Samo matsala

Tawa ƙofar ɗaki ce. Matata Ruƙayyatu ta tafi wankan jego gidansu a Gagarawa, ta aiko cewa ba za ta dawo da jariri ɗaki mai yoyo ba. Na kira magini, ya ja layin sabon ɗaki, ya ce, "Ƙofa arewa ko kudu?" A gidanmu yaro ba ya yanke irin wannan, ko da ya yi karatu a Zariya. Sai baffanni: Gudaji, Sabo da Cindo, waɗanda tun rabon gona babu wanda ya taɓa yarda da maganar wani.

2. Ɗauko ilimi

A cikin wasu ma'adinai akwai ƙananan maganaɗisu da ido ba ya gani, kowanne burinsa ya saɓa wa maƙwabcinsa. In su biyu ne, lafiya lau: wannan arewa, wancan kudu. In su uku ne a zaune kamar duwatsun murhu, na ukun ya shiga uku, don duk inda ya juya ya yi daidai da wani. Masana suna kiran wannan hali takaici. Da na karanta, na ce wallahi a tsakar gidanmu aka yi binciken nan.

3. Yi musu darasi

Tara su gindin darbejiya, ka jera karare uku a ƙasa, ka yi bayani kana gyara tabarau.

Baffa Gudaji ya ce, "Arewa."

Baffa Sabo ya ce, "To kudu."

Baffa Cindo ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Arewa ce, amma kudu." Sai ya zungure karan tsakiya da sanda. "Kai ɗan boko, ni ne wannan?"

Kada ka ce e. Ni na ce.

4. Jira su huce

Yawancin maganaɗisu in an sanyaya su sukan natsu, kowa ya kama matsayinsa. Masu takaici kuwa, ana hasashen ko an kai su ƙarshen sanyi suna ta juyawa. Na san wannan sarai, amma na jira sati shida. Ranar da Cindo ya koma arewa, Gudaji ya tsallaka kudu, Sabo ya ce shi bai taɓa cewa kudu ba. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, ni kuwa ina kwana ni kaɗai da kwano a ƙarƙashin yoyo. Kewar matata ta ishe ni, ɗana kuma sau biyu kacal na gan shi.

5. Ka ce kowa ya ɗan karkata

Wani lokaci maganaɗisun kan sasanta, kowa ya kauce kaɗan. Don haka na ce a sa ƙofa a kusurwa. Magini ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kwashe kayansa ya tafi wani aiki a Maigatari.

6. Kawo babban maganaɗisu daga waje

In ƙarfinsa ya isa, duk ƙananan sai su fuskanci wuri guda. Nawa ya iso ranar Laraba a motar Gagarawa, da goyo a baya. Ruƙayyatu ta durƙusa ta gaida baffanni ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Baffa, ni dai a taimaka a yi ƙofar kusa da madafa, kada in riƙa zagaye da tukunya a ruwa." Madafa tana kudu.

"Yarinyar nan ta fi mijinta hankali," in ji Gudaji.

"Nesa ba kusa ba," in ji Sabo.

"Wata biyu yana mana wasa da kara, ya kasa tambayar mai ɗakin," in ji Cindo.

Shekara ashirin ke nan ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ga su yau sun fuskanci wuri guda, kuma wurin ni ne.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa magini, ko girmansa ya zube a gaban matarsa, babu ruwana. Mai ƙorafi ya same ni a gida, ya shigo ta kudu.